Tambayoyin Masu Karatu: Naitiret a Ruwan Famfo, Daga Birnin Des Moines Zuwa Rijiyoyin Gidajenmu

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk sun taru ne a kan sinadarin naitiret, wanda ke shiga ruwan sha ba tare da ya sauya masa launi, ƙamshi ko ɗanɗano ba. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata tana aure a birnin Des Moines na jihar Ayowa a Amurka, kuma Allah ya sauke ta lafiya, an samu ɗa namiji. Ta gaya mini cewa a watan Yunin 2025 hukumar ruwan yankinsu ta hana mutane ba ciyawar ƙofar gida ruwa, wai saboda naitiret ya yi yawa a kogunan da ake janyo ruwan famfo. Na rasa gane abin da ya haɗa ciyawa da gurɓacewar ruwa. Ni dai na ce mata ta riƙa tafasa ruwan ya daɗe a wuta kafin ta dama wa yaron madarar gwangwani. Shin shawarata ta yi daidai? Daga Hajiya, kakar jariri, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya mana angon naki, ya albarkaci rayuwarsa. Zan fara da maganar tafasawa, domin ita ce ta gaggawa. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya taɓa naitiret, hasali ma ƙara masa ƙarfi yake yi. Kin san yadda miya ke ƙara gishiri idan ta daɗe a wuta ruwanta ya ƙone. Haka abin yake a nan, domin ruwan ne ke tashi tururi, shi kuwa naitiret yana nan zaune a cikin tukunya. Idan lita ɗaya tana ɗauke da miligiram 50 aka bar ta tana tafasa har rubu'inta ya ƙone, abin da ya rage zai koma kamar miligiram 67 a kowace lita. Saboda haka ki gyara mata shawarar: ta rufe tukunyar, ruwan ya tafaso na kamar minti ɗaya, ta sauke, kada ta bar shi yana ta ɓararraka, kuma kada ta riƙa sake tafasa ragowar ruwan da ya kwana a buta.

Sai dai labarin Des Moines bai kai munin yadda ya zo miki ba. Dokar Amurka ta kayyade cewa kada naitiret ɗin ruwan famfo ya wuce miligiram 10 a lita a ma'auninsu (wanda ya bambanta da namu, kamar yadda za a gani a amsa ta gaba), kuma ruwan da ya isa gidajen mutane a wancan lokaci bai tsallake wannan iyaka ba. Kogunan ne suka tsallake ta, wato kogin Raccoon da kogin Des Moines, inda na Raccoon ya kai kusan ninki biyu na iyakar. Hukumar ruwan tana da na'urar cire naitiret, amma ruwan da na'urar ke iya tacewa a rana kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da mutum kusan 600,000 ke buƙata, don haka sai a gauraya wanda aka tace da wanda aka samo daga wasu tafkuna da rijiyoyi masu ƙarancin naitiret, har a samu abin da ya sauka ƙasa da 10. A lokacin zafi kuwa ban ruwan ciyawa yana cinye kaso mai tsoka na ruwan gari. Da an bar mutane sun ci gaba, dole a ƙara janyo ruwan kogi fiye da yadda za a iya sirka shi, daga nan sai ruwan famfo ya haura iyaka. An hana ciyawa ruwa ne domin jarirai su samu mai kyau, kuma shi ne karo na farko da aka kafa irin wannan doka a yankin.

Dalilin da ya sa ake ambaton jarirai kafin kowa shi ne yadda jikinsu yake. Idan naitiret ya shiga ciki, ƙwayoyin halittar da ke cikin baki da hanji suna juya wani sashe nasa ya koma naitirayit, shi kuma ya shiga jini ya lalata ƙarfen da ke cikin himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin zuwa sassan jiki. Babban mutum yana da abin da ke gyara wannan ɓarna nan take. Jaririn da bai kai wata shida ba, musamman ɗan ƙasa da wata uku, abin gyaran nasa bai gama ƙwari ba, jininsa ya fi saurin lalacewa, cikinsa ba shi da tsami sosai, kuma yana shan ruwa mai yawa idan aka auna da nauyin jikinsa. Sai yaro ya kasance yana numfashi amma iskar ba ta isa inda ake buƙatarta. A jihar Ayowa ɗin ce ma wani likita mai suna Hunter Comly ya fara danganta wannan ciwo da ruwan rijiya a shekarar 1945, bayan ya duba wasu jarirai biyu 'ya'yan manoma da ake dama wa madara da ruwan rijiyar gida.

Littattafan Turawa suna cewa fatar yaro tana komawa shuɗiya, amma a jikin yaro baƙar fata ba a fata za ki fara gani ba. Ki ce mata ta duba leɓɓansa, da harshe, da dasashi, da ƙarƙashin farce, da tafin hannu. Idan suka koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi, ga kasala, ga numfashi sama-sama, ga ƙin karɓar nono, to asibiti za a nufa a lokacin, ba sai gari ya waye ba. Idan aka ɗebi jinin irin wannan yaro, launinsa yakan fito ruwan ƙasa mai duhu maimakon ja. Akwai allurar da ke warware matsalar cikin ɗan lokaci, ana kiranta metilin bulu, sai dai tana da haɗari ga masu larurar jini ta gado da ake kira ƙarancin G6PD, wadda ta yawaita a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma, musamman maza. Yana da kyau iyayen su tuna wa likita asalinsu. Gudawa ma tana ƙara haɗarin wannan ciwo, domin hanjin da ya kumbura shi kansa yana samar da naitirayit.

Mafi sauƙin kariya shi ne nonon uwa zalla har wata shida, domin ko uwa tana shan ruwa mai naitiret, abin da ke ratsawa cikin nono bai taka kara ya karya ba. Idan kuwa akwai uzurin da ya sa dole sai madarar gwangwani, hukumar ruwan Des Moines tana wallafa sakamakon awonta a shafinta na intanet, sai ta riƙa leƙawa, ranar da ta ga lambar ta matso kusa da 10 hankalinta bai kwanta ba, ta yi amfani da ruwan gora.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne. A wani littafi na ga iyakar naitiret a ruwan sha miligiram 10 ce a lita, a wani kuma na ga 50. Ko dai Amurkawa sun fi mu tsaurara doka har ninki biyar ne? Daga wani ɗalibi, Zariya.

Amsa: A'a, ɗan'uwa, kusan abu ɗaya ne aka auna da mudu biyu. Amurkawa suna ƙirga nauyin naitirojin ɗin da ke cikin naitiret ne kawai, su kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya da Tarayyar Turai da ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya mai lamba NIS 554 suna ƙirga nauyin naitiret gaba ɗayansa, har da oksijin ɗin da ke manne da shi. Idan kana son juya lambar Amurka zuwa tamu, sai ka ninka ta sau 4.43; ka ga 10 ɗinsu ta zama kamar 44, 50 ɗinmu kuma ta zama kamar 11 a wurinsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya karɓo takardar gwaji daga ɗakin bincike, domin wanda aka rubuta masa 20 yana iya komawa gida da murna yana zaton bai kai rabin iyaka ba, alhali idan ma'aunin naitirojin aka yi amfani da shi, ya kusa ninka iyakar sau biyu. Ka duba ko an rubuta NO3 ko kuma NO3-N a gefen lambar. Ita lambar 10 ta samo asali ne daga wani nazari na shekarar 1951 da ya tattara rahotannin jariran da suka kamu da ciwon da na bayyana wa Hajiya a Amurka, aka ga babu wanda ya kamu da ruwan da bai kai 10 ba, sai hukumar lafiyar ƙasar ta ɗauke ta a matsayin ƙa'ida a 1962.

Tambaya: Ni malamin gona ne, kuma kullum kukanmu shi ne taki ya yi tsada, manomi ba ya samun isasshe. Ta yaya takin da aka zuba a gona zai ƙare a famfon mutumin birni? Kuma ƙasa kamar Amurka, da kuɗinta da iliminta, me ya hana ta magance abin? Daga wani malamin gona, Kura.

Amsa: Malam, tambayarka ta biyu ta fi ta farko wuya, domin amsarta siyasa ce, ba kimiyya ba. Bari mu fara da ta farkon. Yuriya da kamfa da kashin dabbobi, duk idan suka shiga ƙasa mai ɗumi da laima, ƙwayoyin halittar ƙasa suna juya naitirojin ɗinsu ya zama naitiret. Shi kuwa naitiret ba ya kama ƙasa kamar yadda wasu sinadaran taki ke yi; yana narkewa sarai ya bi ruwa duk inda ya nufa. Abin da saiwar shuka ba ta zuƙe a kan lokaci ba, ruwan sama ne zai tafi da shi.

Ayowa ita ce kan gaba a Amurka wajen noman masara da kiwon aladu. Mutanen jihar ba su wuce miliyan 3 da 'yan kai ba, amma aladunta sun haura miliyan 20, kuma kashinsu gona ake kai shi, ban da takin zamani da ake zuba wa masara, wanda yakan kai kilo 150 na naitirojin ko fiye a kowace hekta. Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne arewa ta tsakiyar jihar asalinta fadama ce mai riƙe ruwa, sai manoman farko suka binne bututu a ƙarƙashin gonaki, zurfin kamar mita ɗaya, domin su tsotse ruwan su zubar a magudanai. Wannan dabara ce ta mayar da fadamar ta zama ɗaya daga cikin ƙasashen noma mafi albarka a duniya, kuma ita ce ta buɗe wa naitiret hanya miƙaƙƙiya daga gindin masara zuwa kogi, ba tare da ya ratsa dausayin da a da yake tace shi ba. Masara da waken soya kuma 'yan watanni suke yi a gona. Daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin da ruwa ya fi sauka, gonakin ko dai fili ne fetal ko kuma shukar ba ta yi saiwar kirki ba. Idan aka yi shekarar fari, takin da shuka ba ta ci ba sai ya taru a ƙasa yana jiran ruwa. Haka aka yi bayan farin 2012, inda a 2013 kogin Raccoon ya haura miligiram 24 a ma'auninsu, haka kuma aka sake gani da ruwa ya dawo bayan farin da aka jera daga 2020 zuwa 2023.

Hukumar ruwan Des Moines ta gina na'urar cire naitiret a farkon shekarun 1990 a kan dala miliyan 4 da ɗoriya. Manyan tankuna takwas ne cike da ƙananan ƙwayoyin wani irin ƙaro, ruwa yana ratsa su, su kama naitiret su saki sinadarin kulorayid a madadinsa. Idan sun ƙoshi sai a wanke su da ruwan gishiri mai kauri. Abin dariya, ko kuma abin takaici, shi ne an shafe shekaru ana mayar da wannan ruwan wanki mai cike da naitiret cikin kogin, ya gangara wa na ƙasa, kafin daga baya a karkatar da shi zuwa matatar ruwan ƙazanta ta birnin. A shekarar 2015 na'urar ta yi aiki kwana 177, abin da ya ci kimanin dala miliyan 1.5, kuma masu biyan kuɗin ruwa ne suka ɗauki nauyin.

A watan Maris na shekarar 2015 ɗin hukumar, ƙarƙashin shugabanta na lokacin Bill Stowe, ta maka hukumomin magudanan gona na ƙananan hukumomi uku a kotu, wato Sac da Buena Vista da Calhoun. Hujjarta ita ce bakin bututun da ke zubar da ruwan gona a kogi ba shi da bambanci da bakin bututun masana'anta, don haka ya kamata dokar tsabtar ruwa ta 1972 ta hau kansa kamar yadda ta hau kan masana'antu. Ita dokar kuwa ta keɓe ruwan da ke gangarowa daga gonaki. A Janairun 2017 kotun ƙolin jihar ta ce ba za a iya neman diyya daga hukumomin magudanan ba, a watan Maris kuma alƙalin kotun tarayya ya kori ƙarar, yana mai cewa magana ce ta majalisar dokokin jihar. Majalisar kuwa ba ta da niyyar ɓata wa manoma rai. Tsarin da jihar ta fitar a 2013 na rage naitirojin da kashi 45 cikin 100, ga manomi na ganin dama ne, wanda ya so ya bi, wanda bai so ba babu mai tuhumarsa.

Ba dabarun ne suka ɓata ba. An san cewa shuka wani hatsi mai jure sanyi bayan girbi yana riƙe naitiret a gona, an san maido da dausayi a bakin magudanai yana rage shi, haka nan ratsa ruwan bututun ta cikin ramin da aka cika da ɓarɓashin itace. Matsalar ita ce wanda zai kashe kuɗin ba shi ne zai sha ruwan ba. A ganina, muddin mai zubar da abu a kogi ba ya biyan ko kwabo, mai sha a ƙasa kuma shi ke biyan kuɗin tacewa, roƙo da wayar da kai kaɗai ba za su sauya lissafin manomi ba. Turai ta bi hanyar tilas tun 1991, inda ta kayyade kilo 170 na naitirojin daga kashin dabbobi a kowace hekta a shekara a yankunan da ke cikin haɗari, amma ita ma sai da kotun Tarayyar ta samu Jamus da laifin sakaci a 2018. Abin da ya wuce Des Moines kuma yana bin kogin Misisifi har tekun Meziko, inda yake haddasa wani yanki da iskar oksijin ke ƙarewa a ƙasan ruwa kifi ya gudu. A 2017 faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 22,000.

Kai kuma a naka aikin, abin da ke kare ruwa shi ne dai abin da ke kare aljihun manomi: a raba yuriya kashi biyu ko uku maimakon a zuba ta lokaci guda, a binne ta kusa da gindin shuka, kada a watsa ta hadari na haɗuwa, kuma a noman rani kada a cika fangali da ruwa har ya malale bayan an sa taki.

Tambaya: Masu magana sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A unguwarmu famfo ya daɗe da daina zuwa, kowa burtsatse ya haƙa ko rijiya, saura kuma daga 'yan garuwa muke saye. Tunda mu ba ma zuba taki kamar Amurkawa, ashe mun tsira ke nan? Daga wani magidanci, Kano.

Amsa: Ba mu tsira ba, Alhaji, ƙofar da abin ke shigo mana ce daban. Gaskiya ne takinmu kaɗan ne. Lokacin da shugabannin Afirka suka yi taron taki a Abuja a 2006, matsakaicin abin da ake zubawa a ƙasashen kudu da Sahara bai wuce kilo 8 a hekta ba, burinsu ma shi ne a kai 50. Amma fitsari da bayan gida su ma naitirojin ne, kuma a garuruwanmu ba magudanar ƙarƙashin ƙasa ke kwashe su ba, a cikin gida ake binne su, a masai da sokawe. Ƙa'idar da masu aikin tsabtar muhalli suka fi bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma gindin ramin ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi a saman ruwan ƙasa. To, ka auna da gidanka. Mita 30 kusan ƙafa 100 ce, wato tsawon fuloti guda cur, alhali yawancin gidajen yanzu rabin fuloti ne ko ƙasa da haka. Ko ka kai rijiyarka ƙuryar gabas ka kai masai ƙuryar yamma, a bayan katangar gabas ɗin akwai sokawen maƙwabcinka, taku biyar daga bakin rijiyar. Sannan ita wannan tazara an tsara ta ne domin ƙwayoyin cuta, waɗanda ke mutuwa a hanya. Naitiret ba ya mutuwa, yana iya tafiya nesa da haka, kuma yana iya shekaru a cikin ruwan ƙasa.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na unguwar Thiaroye a bayan birnin Dakar na Senegal. Tun shekarun 1950 ake janyo ruwan famfon birnin daga rijiyoyin burtsatsen da ke can. Da mutane suka cika wurin suka gina gidaje babu magudanan ƙazanta, naitiret ya hau har ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya sau da yawa, dole aka rage janyo ruwan ƙwarai, birnin ya ƙara dogara ga tafkin Guiers mai nisan ɗaruruwan kilomita. Da aka rage janyowa kuma sai ruwan ƙasa ya taso, ya taimaka wajen ambaliyar da ta addabi unguwannin tun daga 2005. A Yamai ma masu bincike sun gano tun shekarun 1990 cewa naitiret ɗin da ke cikin rijiyoyin wasu unguwanni daga masai yake fitowa.

Abin yi na farko shi ne gwaji, domin ruwa yana iya zama garau, mai sanyi, mai daɗi a randa, alhali ya wuce iyaka. Sassan kimiyya na jami'o'i da ɗakunan gwaji na hukumomin ruwa suna yin wannan awo, kuma akwai 'yan takardun gwaji da ake tsomawa a ruwa su sauya launi, waɗanda ba su kai na ɗakin bincike daidaito ba amma suna nuna inda aka dosa. A gwada a ƙarshen rani, a sake gwadawa a tsakiyar damina, kuma a haɗa da gwajin ƙwayoyin cuta, domin rijiyar da naitiret ɗin masai ya isa, akwai yiwuwar ba shi kaɗai ya isa ba. Maƙwabta biyar ko goma suna iya haɗa kuɗi a gwada burtsatsen da 'yan garuwar layin ke ɗiba. Mai shirin haƙa sabuwa kuma ya tsaya a kan masu aikin su toshe gefen bututun da siminti daga sama zuwa zurfin mitoci da yawa, su yi daɓe mai gangara a bakinta, domin burtsatse mai zurfi da ba a toshe wuyanta ba tana shan ruwan sama-sama ne ta gefen bututu.

Kada kuma wani ya karanta amsar da na ba Hajiya ya daina tafasa ruwa. A wurinmu kwalara da taifot da gudawa sun fi naitiret kisa nesa ba kusa ba, kuma tafasawa ce maganinsu. Abin da nake cewa shi ne idan gwaji ya nuna rijiya ta haura 50, to jariri da mai ciki a nema musu wani ruwan dabam, shi ma a tafasa shi idan ana shakkar tsabtarsa. Iyayenmu mata da ke ba jariri ruwa tun ranar haihuwa saboda tausayin zafin gari, a lallashe su su bari, nonon ya ishe shi.

Tambaya: Na ji an ce naitiret yana kawo ciwon daji, kuma wai alayyahu da latas sun fi ruwa yawansa. Mu daina cin ganye ke nan? Sannan ya halin wanka da alwala da irin wannan ruwa, kuma matatar da nake da ita a gida tana cire shi? Daga wata malamar makaranta, Maraɗi.

Amsa: Malama, kada ki daina cin ganye. Gaskiya ne yawancin naitiret ɗin da babban mutum ke samu daga kayan lambu yake zuwa, amma yana zuwa ne tare da bitamin C da wasu sinadarai da ke hana shi rikiɗa zuwa abubuwan da ake zargi da haddasa ciwon daji, shi kuwa na ruwa shi kaɗai yake zuwa. Jariri ƙarami ne kawai ba a so a fara masa da alayyahu kafin wata shida. Maganar ciwon daji kuwa ba a rufe ta ba. Wani babban nazari da aka wallafa a 2018 ya bi bayanan mutum miliyan 2.7 a ƙasar Denmak, ya ga ciwon dajin hanji ya ɗan fi yawa, da kamar kashi 15 cikin 100, a tsakanin waɗanda ruwansu ya fi naitiret, kuma alamar ta fara bayyana tun daga kusan miligiram 4 a lita, wato ƙasa ƙwarai da iyakar 50. Irin wannan nazari alaƙa yake nunawa, ba ya tabbatar da cewa ruwan ne sanadi, amma ya isa ya sa masana da dama suna ganin iyakar da aka kafa domin kare jarirai ba lallai ta wadatar ga mai shan ruwan shekara talatin ba.

Wanka da alwala da wanki da wanke-wanke duk babu laifi, domin naitiret ba ya ratsa fata. A dai kula kada jariri ya haɗiyi ruwan wankansa. Matata kuwa sai kin duba irinta. Ta gawayi, da ta tangaran, da tacewa da ƙyalle, da alam ɗin da ake sa wa ruwa ya kwanta, da kulorin, babu ɗayansu da za a dogara da shi wajen cire naitiret. Abin da ke cire shi a gida shi ne na'urar da ke matsa ruwa ta cikin wata fata mai matsattsun ƙofofi, wadda masu sana'ar ruwan leda ke kira RO, ko matata mai ƙwayoyin ƙaro irin na Des Moines, ko kuma turara ruwa a tara tururinsa. Ita RO tana zubar da ruwa mai yawa a wajen aikinta, tana bukatar wuta ko matsin ruwa mai ƙarfi, kuma idan fatarta ta tsufa naitiret yana fara ratsawa ba tare da wata alama ba, saboda haka ki gwada ruwan da ke fitowa daga cikinta aƙalla sau ɗaya a shekara, ki kuma sauya fatar a lokacin da kamfanin ya kayyade.